Lucille Ball: jarumar da tauraronta bai haska ba sai da ta cika shekara 40

A DAREN Litinin, 19 ga Janairu, 1953, mutum kimanin miliyan 44 ne a Amurka suka tare a gaban akwatin talbijin don kawai su ga an kai wata mata asibiti za ta haihu, a cikin wani wasan barkwanci na minti 30. Washegari aka rantsar da sabon shugaban ƙasar, Janar Dwight Eisenhower, amma waɗanda suka kalli bikin rantsarwar an ƙiyasta su ne da miliyan 29. Sunan wasan I Love Lucy, matar kuwa sunanta Lucille Ball.

Mai karatu, in ka ji haka za ka zaci irin 'yan matan nan ne da ke shigowa harkar fim yau, gobe a wayi gari fastarsu ta cika gari. Ko kusa! Ranar da aka fara nuna wasan nan shekarun Lucille 40 cif, ta yi shekara 18 tana gaganiya a Holiwud, ta fito a fina-finai sama da 60, amma da wuya ka samu wanda zai lissafa maka biyar daga cikinsu. Waɗannan shekaru na jiran layi su nake so mu duba, domin a ganina a nan labarin yake.

An haife ta ran 6 ga Agusta, 1911, a garin Jamestown da ke Jihar Niyok. Mahaifinta, Henry Ball, ma'aikacin kamfanin tarho na Bell ne, aikinsa jan waya daga gari zuwa gari, saboda haka iyalin ba su da zama wuri guda. Suna Jihar Michigan zazzaɓin taifot ya kashe shi a watan Fabrairu na 1915, yana da shekara 27, ya bar 'yarsa tana da shekara uku, matarsa DeDe kuma da cikin ɗansu na biyu, Fred. Lucille ta ce abin da kawai take iya tunawa na ranar rasuwar shi ne wani tsuntsu da ya shigo ɗaki ya rasa hanyar fita. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina tsoron tsuntsaye ba.

Uwar ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta. Bayan wasu shekaru ta sake aure, ita da sabon mijin suka tafi neman aiki a wani gari, aka bar Lucille a hannun iyayen mijin. Tsofaffin nan 'yan asalin Suwidin ne, masu tsananin ra'ayin addini, a wurinsu kallon madubi alfahari ne. Duk gidan madubi ɗaya suka bari, na banɗaki, kuma ranar da aka kama yarinyar tana kallon fuskarta a cikinsa sai da ta sha faɗa. Ka riƙe wannan a ranka, domin fuskar nan da aka hana ta kallo ita ce jarinta daga baya.

Inda ta ji daɗin ƙuruciya shi ne gidan kakanta na wajen uwa, Fred Hunt, a ƙauyen Celoron da ke bakin tafkin Chautauqua. Akwai filin shaƙatawa a ƙauyen inda 'yan wasan dandamali ke zuwa, kakan kuma mutum ne mai son kallo, yakan ja jikokinsa su je. Tana da shekara 12 mijin uwarta ya ƙarfafa mata gwiwa ta shiga cikin 'yan rawa a wani wasa da ƙungiyarsu ta shirya. Tun daga ranar da ta ji an yi mata tafi shi ke nan.

Tana da shekara 14 ta fara soyayya da wani saurayi ɗan shekara 21 wanda garin ke yi wa kallon ɗan iska. Hankalin DeDe ya tashi. Dabarar da ta yi ita ce, a 1926 ta tattara 'yan kuɗin da ba ta da su ta tura yarinyar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta John Murray Anderson a birnin Niyok. Ka ga jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan, an raba ta da saurayi, an kuma biya mata buri. To amma fa makarantar ba ta karɓe ta ba. Tauraruwar ɗalibai a lokacin wata yarinya ce mai suna Bette Davis, wadda daga baya ta ci kyautar Oscar har sau biyu. Lucille kuwa 'yar ƙauye ce mai kunya, in an ce ta yi magana sai harshenta ya sarƙe. Malaman suka rubuta wa uwar takarda cewa asarar kuɗi kawai take yi. Ta dawo gida jiki a sanyaye.

Ana cikin haka a 1927 wata masifa ta faɗa wa gidan. Kakan ya saya wa Fred ƙaramar bindiga, yara suna koyon harbi a bayan gida a gaban idonsa, sai harsashi ya samu wani yaron maƙwabta, ya shanye. Iyayen yaron suka kai ƙara, kotu ta ɗora wa tsohon laifi, aka sayar da gida da kayan ɗaki aka biya diyya. Iyalin suka watse. Wannan shi ya sa da Lucille ta fara samun albashi a Holiwud, abin da ta fara yi shi ne kama gida ta aika a ɗauko uwarta da ƙanenta da kakan, ta sake haɗa su wuri guda.

A 1928 ta koma Niyok da sunan aro, Diane Belmont. An ɗauke ta rawa a wasannin dandamali an sallame ta tun kafin a buɗe labule, ba sau ɗaya ba. Abin da ya riƙe ta shi ne tallar tufafi a shagon wata shahararriyar mai ɗinki, Hattie Carnegie, inda take saka riguna tana zagayawa gaban matan attajirai. Gashinta na asali ruwan ƙasa ne, Hattie ce ta sa ta rina shi ya koma fari-fari. Nan ma ciwon gaɓoɓi ya kayar da ita, ta koma gida ta yi jinyar kusan shekara biyu. Da ta warke ta sake komawa, har hotonta ya hau allon tallar taba sigari ta Chesterfield.

Hoton nan shi ya buɗe mata ƙofa. A 1933 furodusa Samuel Goldwyn yana neman kyawawan 'yan mata da za su yi wa ɗan barkwanci Eddie Cantor ado a fim ɗin Roman Scandals. Kamar yadda ita kanta ta sha faɗi, uwar ɗaya daga cikin 'yan matan da aka zaɓa ce ta hana 'yarta tafiya, aka rasa cikon, wata dillaliyar 'yan wasa ta ci karo da Lucille a titi ta ce ko za ta je Kalifoniya. Aikin sati shida aka ce mata. Ba ta sake dawowa da zama ba.

Holiwud ta wancan zamani ba kamar ta yanzu ba ce. Kamfani ne ke ɗaukar ɗan wasa kwantiragi, ya biya shi albashi duk sati, ya saka shi a duk fim ɗin da ya ga dama, ya canza masa suna ko kamanni in ya so. Ba ka da ta cewa. Sinima kuma fim biyu take nunawa a tikiti ɗaya: babban fim mai taurari, da ƙarami na cikon benci wanda ake ɗauka cikin 'yan makonni da kuɗi kaɗan. A wannan layi na biyu Lucille ta maƙale. Ta ɗan taɓa kamfanin Columbia, inda a 1934 ta fito tare da mahaukatan 'yan barkwancin nan uku, Three Stooges, a Three Little Pigskins. Daga nan ta koma RKO. A Roberta na 1935 tufafi kawai ta saka ta gitta, a Top Hat mai jiran shagon furanni ce, in ka ƙifta ido ta wuce.

Sai dai akwai abin da ya bambanta ta da sauran 'yan matan. Su suna tsoron abin da zai ɓata musu kwalliya, ita kuwa in darakta na neman wadda za a watsa wa ruwa ko a shafa wa taɓo a fuska, ita ce ke ɗaga hannu. Ta kuma lazimci ɗan ƙaramin dandamalin da ke cikin harabar RKO, inda Lela Rogers, mahaifiyar jaruma Ginger Rogers, ke horar da sababbin 'yan wasa. A 1937 aka ba ta rol mai ɗan tsoka a Stage Door tare da Katharine Hepburn da Ginger Rogers, a 1938 ta fito da 'yan uwan Marx a Room Service. Ta ja fina-finai ƙanana da yawa har aka yi mata laƙabi da sarauniyar fina-finan cikon benci. Sarauta ce, amma irin wadda ba a yi mata hawa.

In za ka nemi fina-finanta na wannan zango, ni biyu zan ce ka nema. Na farko Dance, Girl, Dance na 1940, wanda Dorothy Arzner ta ba da umarni, ita kaɗai ce mace darakta a manyan kamfanonin Holiwud a lokacin. Lucille ta fito a matsayin 'yar rawar kulob mai ido a tsakar ka, kuma duk da Maureen O'Hara ce jarumar fim ɗin, duk fitowar da suka yi tare idonka na kan Lucille. Na biyu The Big Street na 1942, inda ta fito a mawaƙiya mai girman kai da rashin godiya wadda ta gurgunce, Henry Fonda kuma yaron otal da ke bauta mata. Babu dariya ko ɗaya a rol ɗin, kuma ba ta nemi mai kallo ya tausaya mata ba. Duk mai cewa ba ta iya komai ba sai shirme, bai ga wannan fim ba. Matsalar a wurin masu kamfanonin take. A lissafinsu mace ko dai kyakkyawa ce a saka ta a soyayya, ko mummuna a yi dariya da ita. Kyakkyawar mace mai son ta zama wawan sarki ba su san inda za su ajiye ta ba.

A wurin ɗaukar fim ɗin Too Many Girls a 1940 ta haɗu da Desi Arnaz. Shi ɗan Kyuba ne, an haife shi a 1917, ɗan gidan masu mulki, domin mahaifinsa ne magajin garin Santiago. Juyin juya halin 1933 ya raba su da komai, suka gudu Mayami, inda yaron ya yi aikin wanke kejin kanari kafin ya zama makaɗi mai dukan ganga. Ganin farko da ya yi mata, ta fito ne daga ɗaukar wani sin na dambe a Dance, Girl, Dance, da kwalliyar kumburin ido da gashi a hargitse, bai ga abin so ba. Da yamma ta yi wanka ta dawo, labari ya sha bamban. Ran 30 ga Nuwamba, 1940, suka yi aure ba tare da wani biki ba. Ta girme shi da kusan shekara shida, saboda haka a takardar aure ita ta rage shekarunta, shi kuma ya ƙara nasa. Suka sayi gidan gona suka haɗa sunayensu suka raɗa masa Desilu.

Auren bai zauna lafiya ba. Ita tana fita aiki da asuba, shi yana dawowa daga gidan rawa da asuba, in ma yana gari ke nan, domin yawancin shekara yana yawon kiɗa, daga baya kuma aka ɗauke shi soja. Ga giya, ga mata. A 1944 ta kai ƙara kotu a raba su, suka shirya kafin hukuncin ya tabbata. Ga kuma rashin haihuwa, ta yi ɓari fiye da sau ɗaya cikin shekara goma.

Ta fuskar aiki kuwa, kamfanin MGM, wanda ya fi kowane girma, ya ɗauke ta bayan The Big Street. A nan ne aka rina gashinta ya koma ja saboda fim mai kala, Du Barry Was a Lady na 1943. Jan gashin nan da duniya ta san ta da shi ba nata ba ne, kuma daga baya da lalle take riƙe shi, lallen nan dai da ka sani. MGM ma ba su san yadda za su yi da ita ba. Akwai fim ɗin da aka saka mata kayan ado aka ba ta bulala tana kaɗa 'yan mata masu shigar kyanwa, ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Amma wani hani ga Allah baiwa ne. Zaman banzan da take yi a harabar kamfanin ya haɗa ta da Buster Keaton, gwarzon barkwanci na zamanin fim marar magana, wanda shi ma a lokacin an jingine shi gefe. Shi ya koya mata yadda ɗan barkwanci ke sarrafa kayan wasa, cewa tsintsiya ko tsani ko kofi sai ka san nauyinsa da halinsa kamar hannunka kafin ka nemi ba da dariya da shi. A 1946 ta bar MGM tana da shekara 35, shekarun da a Holiwud ake fara ba mace rol ɗin uwa.

Rediyo ne ya cece ta. A 1948 gidan CBS ya ba ta wasan My Favorite Husband, inda take fitowa a matar wani ma'aikacin banki mai yawan jawo wa kanta rigima. A nan ta haɗu da marubuta uku da suka zama ƙashin bayanta: Jess Oppenheimer, Madelyn Pugh da Bob Carroll. A gaban 'yan kallo ake ɗaukar wasan, kuma Oppenheimer ya lura cewa tana tsayawa ƙiƙam tana karanta takarda. Sai ya tura ta ta je ta kalli yadda Jack Benny ke yi, mutumin da kan yi shiru ya juyo ya kalli jama'a kawai a fashe da dariya. Ta dawo ta gwada. Ashe abin da ta rasa shekara 15 a gaban kyamara ke nan: mutane masu rai da za su yi dariya ta ji. Ta fara zare ido, tana murguɗa baki, tana jan fuska, masu saurare a gida suna jin dariya ba su san me ake gani ba.

Da CBS suka ce a mayar da wasan talbijin, sai ta kafa sharaɗi ɗaya: Desi ne zai fito a mijinta. Ba ta ɓoye dalili ba, so take mijinta ya zauna gari ɗaya da ita. Manyan gidan suka ce Amurkawa ba za su yarda cewa 'yar ƙasa mai jan gashi tana auren ɗan Kyuba mai gurɓatacciyar Ingilishi ba. Ka ji fa, mutanen da suka shekara goma da aure ake gaya wa haka! Maimakon gardama, a 1950 suka kafa kamfanin Desilu, suka haɗa wasan dandamali suka zagaya garuruwa, shi yana kiɗa, ita tana shigowa da shigar almajirin makaɗi da wani ƙaton goge tana ɓata masa shiri. Jama'a suka yi ta cika gidajen. CBS suka sauko, kamfanin taba na Philip Morris ya ɗauki nauyi.

Saura rigima ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko muhimmanci ga duk mai sha'awar sanin yadda kuɗi ke tafiya a harkar nan. A lokacin kai tsaye ake watsa wasannin talbijin daga Niyok, domin yawancin masu akwatin suna gabashin ƙasar. Sauran garuruwa sai a kafa kyamara a gaban allo a ɗauki hoton hoto, dishi-dishi, a aika musu. Philip Morris suka ce ba za su biya kuɗi a nuna wa masu sayen tabarsu dishi-dishi ba, sai dai ma'auratan su koma Niyok. Lucille kuwa tana da tsohon ciki, ta ce ba inda za ta. Desi ya kawo shawara a ɗauki wasan a kan fim irin na sinima a Holiwud, kowa ya samu hoto garau. Aka ce da tsada. Ya ce a rage dala 1,000 daga albashinsu na kowane sati, amma da sharaɗin faya-fayan su zama mallakar Desilu. CBS suka amince da murna, don a tunaninsu wa zai sake kallon abin da ya riga ya gani?

Sai kuma yadda za a yi a ɗauki fim a gaban 'yan kallo, tunda an riga an gane Lucille ba ta kamawa sai da su. Suka ɗauko Karl Freund, tsohon mai ɗaukar hoto da ya yi aikin Metropolis a Jamus da Dracula a Amurka, mai kyautar Oscar. Shi ya tsara fitilu daga sama ta yadda kyamara uku za su yi aiki lokaci guda, ɗaya daga nesa, biyu a kusa, ba tare da an tsaya gyara haske ba, mutum 300 na zaune suna kallo. Ba su ne farkon masu amfani da kyamara da yawa ba, amma su suka daidaita tsarin da wasanni irin su Friends suka bi bayan shekara 40.

Ran 17 ga Yuli, 1951, ta haifi 'yarta ta fari, Lucie. Ran 6 ga Agusta ta cika 40. A watan Satumba aka fara ɗauka, tare da Vivian Vance da William Frawley a matsayin maƙwabta, ran 15 ga Oktoba aka nuna kashi na farko. Labarin ba wani mai zurfi ba ne: matar makaɗi ce da ke son shiga harkar wasa ko ta halin ƙaƙa, mijin yana hana ta. Abin dariyar shi ne, macen da ta fi kowa sanin aikin ita ke fitowa a wadda ba ta iya ba. Kada kuma shirmen ya ruɗe ka. Sin ɗin da take tallar maganin ƙarin kuzari tana sha har ta bugu, ko wanda take cusa cakulan a baki da riga saboda injin ya fi ta sauri, duk a rubuce suke dalla-dalla, kuma takan yi ta maimaita gwaji har abokan aiki su gaji. Ita da bakinta marubutan take ba yabon.

Da ta samu ciki na biyu a 1952, CBS suka hana a furta kalmar ciki a wasan, sai da aka kawo malaman addini uku, na Katolika da na Furotesta da na Yahudawa, suna duba rubutun. Da tiyata za ta haihu, saboda haka aka san ranar, aka daidaita ta da daren da za a nuna haihuwar a talbijin. Lokacin da take hutun jego aka rasa abin nunawa, sai aka maimaita tsofaffin kashi, jama'a kuma suka zauna suka sake kallo. A nan CBS suka gane sun yi sakiyar da babu ruwa. Daga baya sai da suka biya sama da dala miliyan 4 kafin su karɓi faya-fayan da suka bayar a kan ragin dala 1,000.

A watan Satumba na 1953 abin ya kusa rushewa, da aka tono cewa a 1936 ta yi rajistar zaɓe da sunan jam'iyyar kwaminis, a zamanin da irin wannan zargi ke raba mutum da sana'arsa. Ta bayyana wa masu binciken majalisa cewa don ta faranta ran kakanta Fred Hunt ta yi, aka wanke ta. Desi ya fito gaban 'yan kallo ya ce babu abin da ke ja a jikin matarsa sai gashi, shi ma ɗin na kanti ne.

Auren da aka ƙirƙiri wasan dominsa bai tsira ba, sun rabu a 1960, kuma a 1962 ta sayi kason Desi ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya fim a Holiwud, wanda a ƙarƙashinta ya fitar da Star Trek da Mission: Impossible. Ta rasu ran 26 ga Afrilu, 1989. Amma kafin rabuwar, a 1957, Desilu ya sayi harabar RKO ɗungurungum a kan kimanin dala miliyan 6, har da ɗan dandamalin nan na Lela Rogers. Lucille ta sa aka share shi, ta tara sababbin 'yan wasa, ta riƙa koyar da su a ciki da kanta.